Shekarar da Na Hana Mai Lofe Irin Gyaɗa

Na sa a rubuta wannan babi ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, ana faɗinta da wasa, har wasan ya fara zama tarihi. Wai ni ce na hana zuri'ar nan arziki, kakanku kuma, Allah ya jiƙansa, mijin-ta-ce ne. Na sha jin ta a bakin 'ya'yana ina kawar da kai. To da ƙaramar sallar da ta wuce sai ga ta a bakin jikana Nura, wanda ke karatu a jami'ar nan ta garinmu. Ya zo ya tsuguna a gabana da wayarsa, ya nuna mini hoton wani gida a Ingila, dogo, tagogi ba iyaka, ga ciyawa kore shar an aske ta, ga tafki a gaba da agwagi a ciki. Ya ce an sa su binciken Turawan da suka yi arziki a ƙasar nan, shi kuma ya bi diddigin wanda ya zauna a Wudil har ya gano inda ya koma.

"Hajiya, ga gidan Mai Lofe fa. Da gyaɗarmu aka gina shi. Da ba ki yi taurin kai ba, da yanzu ko irin kicin ɗinsa ne muna da shi."

"Tafi can, miji ba ko sisin cefane," na ce masa. "Matso min da shi in gani da kyau."

Zan faɗi abin da na gani a hoton, amma sai kun fara sanin mai gidan. Mai Lofe Bature ne ɗan kasuwa, ba na mulki ba. Sunansa na yanka ba ya hawa harshenmu, sai aka sa masa sunan lofen tabar da ba ya barin bakinsa, ko da wuta ko babu. Manya sun ce yana saurayi ya zo, akawun kamfani, da keke da akwatin ƙarfe ɗaya. Lokacin da aka kawo ni Wudil daga Lajawa ina amarya, ya riga ya zama mai mota, ga sito a kusa da kasuwa, ga sikeli a ƙofarsa. Gyaɗa yake saye, ranar Juma'a kuma ya haɗa da fatu da ƙiraga, motoci su kwasa su haye gada su nufi Kano. Ba mugu ba ne irin na bulala. Yana jin Hausa, yana tsayawa ya gaisa har ya tambayi iyali da gajiya. Amma shi ke yanka farashi, mu ba mu san inda gyaɗar take zuwa ba, balle nawa ake sayar da ita a can. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi, matar kukunsa ta gaya mini shi kaɗai yake cin abinci, a kan tebur, ba ko yaron da zai miƙa wa loma. Har na ji tausayinsa a lokacin.

Kakanku yana cikin yaransa masu shiga ƙauye da jakuna suna tattaro masa gyaɗa. Ku yi haƙuri, ban taɓa faɗin sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu don ana rubutu ba. Malam nake ce masa. Su biyu ne manyan yaran Mai Lofe, shi da amininsa Tanko, wanda tare aka yi musu kaciya. Da damina Malam manomi ne a gandun gidansu, da kaka da rani kuma yana kan hanyar Kausani da Lajawa da sauran ƙauyuka. Mutum ne mai zafin nema, mai son ya ga ya fitar da gidansu kunya, ga shi ba ya magana biyu. Ina son sa, na faɗa, duk mai jin kunya ya toshe kunne.

A gidan akwai wata al'ada da na tarar, wadda surukata Inna ta riƙe da ƙarfi. In an cire gyaɗa, kafin a kai ko tiya ɗaya kasuwa, sai a zaɓi mafi ƙoshi da ɓawonta, a shanya ta bushe ƙarau, a zuba a wani ɗan rumbu da ke bayan ɗakin Inna, a barbaɗe da toka saboda ƙwari. Sai a liƙe bakin rumbun da yumɓu, mace ɗaya ta danna tafin hannunta a kai tun yana ɗanye. Wadda hannunta ke kan yumɓun ita kaɗai ke fasa shi, kuma ba ta fasawa sai ruwan shuka ya sauka, maigida ya zo ƙofarta da ƙwarya ya yi sallama, ta auna masa iri. Ba tsafi ba ne, ba a karanta komai sai bisimilla. Dalilinsa kuwa, Inna tana yarinya an yi wata yunwa, gidan ubanta suka cinye irin shukarsu. Da ruwa ya zo ga gona ga ƙarfi, babu abin sawa a ƙasa. Uban ya tafi ƙwadago bai dawo ba, aka rarraba 'ya'yan a dangi, ita da ƙanwarta ba su sake haɗuwa ba. A kakar shekarar da nake ba ku labari idon Inna ya yi rauni, hannunta yana rawa. Ina goye da ɗana na fari, ina miƙa mata yumɓu, sai kawai ta kamo hannuna ta danna a kai.

"Dije, wannan ba abinci ba ne, ba kuma kuɗi ba ne. Amana ce. Ko ni na zo na ce ki buɗe kafin ruwa, ki ce ba ki ji ba."

Na ce to. A raina kuwa daɗi nake ji an ɗauke ni babbar mace, ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Da rani ya yi nisa sai labari ya bazu cewa Turawa sun kusa miƙa mulki, Mai Lofe kuma zai koma ƙasarsu gaba ɗaya. Ya kira Malam da Tanko ya ce musu sikeli da sito, da kyakkyawar shaida wurin kamfani a Kano, mutum ɗaya zai bar wa: wanda ya fi kawo masa gyaɗa kafin motar ƙarshe ta tashi. Ya ɗan ƙara farashi, ya kuma sa aka yi shela cewa kowa ya sayar har da irinsa, kamfani zai kawo iri da damina. Ai kuwa sai aka share ƙauyuka tas. Mata suka yi ta ɓarar gyaɗa har yatsunsu suka tsattsage. Malam ya rame, jakunansa suka rame, aminai biyu suka koma gaisuwa daga nesa. Da lokaci ya matso aka ga kusan kunnen doki suke, sai Tanko ya kwashe irin gidansu ya ɗora a sikeli, ya wuce Malam da kaɗan. Abin da ke cikin rumbunmu ya isa ya rufe wannan ratar har ya yi saura, kowa ya san haka. Wata la'asar ina tankaɗe, Malam ya shigo ya tsaya a kaina.

"Dije, tashi ki fasa rumbun nan, a samu a ɓare kafin Juma'a."

"Ruwa ya sauka ne ban ji ba, Malam?"

"Ba wasa na zo yi ba. Kin san abin da ke gabana. In na samu sikelin nan, ke da noma har abada. Kano za mu koma, gidan bulo, in kai Inna Makka. Iri kuwa Bature ya ce za a kawo."

"In ba a kawo ba fa? Shi yana can ƙasarsu, wa za mu kama?"

"Za a kawo."

"To Allah ya sa. Amma ni amana aka ba ni, kuma an gaya min ranar da zan buɗe."

Ya juya wurin uwarsa, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ya ce, "Inna, ki yi mata magana." Inna ta ce, "Hannuna ne a kai?" Ta ci gaba da jan carbinta.

Kashegari da hantsi muka ji ƙugin mota a ƙofar gida, yara suka watse da gudu. Mai Lofe ne da kansa, don ya fi son Malam a kan Tanko, yana kuma son kowane buhu kafin ya tafi. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, ni kuma aka ce in tsaya a bayan zana. Ta 'yar kafa nake hango jajayen gwiwoyinsa, warin tabarsa ya cika wurin. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya ce yana da keken ɗinki sabo da ba zai iya tafiya da shi ba, yana neman wadda zai bar wa. Allah ya sani zuciyata ta yi tsalle, don a duk unguwarmu babu mace mai keke.

"Uwargida," in ji shi, "da akwati ɗaya na zo ƙasar nan. Da na tsaya ina ajiye abin da ke hannuna, da har yau akwati ɗaya gare ni. Dukiya sai an sake ta take haihuwa."

Ban taɓa magana da Bature ba sai ranar. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Amma kai kana da inda za ka koma. Mu a nan damina za ta same mu."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙwanƙwasa lofensa a jikin takalmi, ya ce wa Malam matarsa ta fi shi iya ciniki. Ya shiga mota ya tafi. Ko kaɗan bai ji haushi ba, don a wurinsa 'yan buhuna ne kawai. Wannan dariyar ce ta fi ƙona Malam, ga shi a gaban maƙwabta aka yi.

Yanzu ku buɗe kunne, ku masu cewa mijin-ta-ce. Da sassafen ranar da ya rage a ɓare gyaɗar ko a haƙura, na fito zan ɗora koko sai na ga Malam a bayan ɗakin Inna da fartanya a hannu. Ya sauke jinkar rumbun, yumɓun yana fili. Busasshen yumɓu ne fa, yaro ma zai iya fasa shi da dutse. Gidansa ne, gonarsa ce, guminsa ne a ciki, babu alƙalin da zai ce ya yi laifi. Na tsaya da ƙwaryar gasara a hannu. Ya ɗaga fartanyar, ya daɗe a haka yana kallon wurin. Sai ya sauke ta a hankali, ya mayar da jinkar, ya ɗaure ta yadda take, ya fita bai dube ni ba. Ranar Juma'a motar ƙarshe ta haye gada, Tanko ya karɓi makullin sito.

Kada ku jira in ce muku an yi yunwa, duk wanda ya sayar da irinsa ya zo yana roƙona. Ba a yi ba. Kamfani ya kawo iri kamar yadda aka yi alkawari, mutane suka karɓa suka shuka, damina ta yi kyau. Tanko ya koma Kano, ya zama Alhaji, ya yi motoci da gidaje, jikokinsa ga su nan kuna ganinsu in sun zo ziyara, wasu ma a ƙasar Mai Lofen suka yi karatu. Halaliyarsu ce, ban taɓa yi musu hassada ba, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce abin da na yi bai ci mana komai ba. Inna ta rasu ba ta ga Makka ba, mu ma sai da muka tsufa muka je. Har ƙarshen rayuwarsa in motar Tanko ta wuce, Malam yakan bi ta da kallo, ni kuma in sami abin yi a madafa.

Abin da ya fi tsada a wurina shi ne watannin da suka biyo baya. Malam ya daina yi mini magana. Ba zagi, ba duka, yana cin tuwona yana ajiye cefane, amma ko sannu babu. In na gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. A bakin rijiya mata suna ganina sai hira ta mutu, wata ta yi mini habaici da matar da ta zauna a kan arzikin mijinta kamar kaza a kan ƙwai. Babana ya aiko daga Lajawa cewa in durƙusa in ba mijina haƙuri. Na durƙusa na ba shi haƙurin ɓacin ran da na jawo masa, amma ban ce na yi kuskure ba, don ban ga na yi ba. Na yi kuka a wannan bazarar, na kuma ji tsoro. Tsorona ɗaya ne: ranar da ruwa zai sauka, ko Malam zai zo ƙofata da ƙwarya, ko kuwa zai karɓi irin kamfani ya shuka ya bar ni da rumbuna. In ya yi haka, ba sai an gaya mini ba, aure ya ƙare. Na ma ƙulle 'yan tufafina a zani na tura ƙarƙashin gado. Sai kuma ga Tanko, don zumunci, ya aiko masa da buhun irin kamfani kyauta, aka jingine shi a zaure. Kullum in zan fita sai na wuce ta gefensa.

Ruwan ya zo da azahar, mai ƙarfi, har kogi ya canja launi. Kashegari gari ya waye da sanyi da ƙamshin ƙasa, ina jin maƙwabta suna fita da sungumi, yara suna ihu. Na zauna a bakin gado da ɗana a cinya, na kasa ko hura wuta. Na ji motsin Malam a zaure, na ji ana jan buhu a ƙasa, na ce shi ke nan, irin kamfani zai shuka. Daga baya na ji ashe wani maƙwabcinmu mai yawan iyali Malam ya kira ya ba shi buhun. Can sai na ji takunsa ya nufo ɗakina, ya tsaya a bayan asabari.

"Salamu alaikum."

Na amsa. Na ɗaga asabarin, ga shi tsaye da ƙwaryar ubansa a hannu, yana kallon ƙasa.

"Dije, ƙasa ta jiƙu."

Na ajiye yaron, na ɗauki taɓarya, muka zaga baya. Inna ta riga mu, tana zaune a kan turmi, wai iska take sha. Na yi bisimilla na buga a tsakiyar shatin tafin hannuna da ke kan yumɓun, yumɓun ya ruguje, ƙamshin gyaɗa da toka ya taso. Ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba. Ina aunawa hawaye yana zuba a ƙwaryar, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Da ta cika sai ya ce in ƙara, har gonar bakin kogi za a shuka bana, in kuma na gama in dama masa kunu, don tun jiya bai ci abin kirki ba. Wannan ita ce doguwar maganar da ya fara yi mini, kuma ban taɓa jin maganar da ta kai ta daɗi ba.

Sai da muka yi furfura, wata rana muna zaune yana taya ni tsince gyaɗa, na tambaye shi abin da ya hana shi buga fartanyar.

"Hannunki na gani," in ji shi, "ɗan ƙarami, har zanen tafin ya fito. Na ce in na fasa wannan don sikeli, to wane ne ba zan fasa ba in na je Kano?"

Shi ke nan abin da ya ce, ya ci gaba da tsintarsa. Wannan ne mutumin da kuke kira mijin-ta-ce.

Rayuwar da muka yi bayan nan kun san ta, a cikinta kuka tashi. Ya koma gona gaba ɗaya, ni kuma na kama matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, da su aka sayi litattafan iyayenku. Ba girin-girin ba, ta yi mai, mu kuwa tamu ta yi. Ko a shekarar da cuta ta kwantar da gyaɗa a duk ƙasar nan, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari, tamu ma ba ta tsira ba. Ɗan abin da muka tsinta bai cika kwando ba, amma na liƙe shi a rumbu, daga shi muka sake tashi. Kullum da mutane a kan tabarmarmu, ban taɓa ganin Malam ya sa hannu a akushi shi kaɗai ba. Alhamdu lillahi, ban san abin da zan nema a duniya wanda ban samu ba, in ban da keken ɗinkin nan, shi ma 'yata ta saya mini daga baya, lokacin ido ya riga ya ƙi zare.

To hoton da Nura ya nuna mini. Gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na sa ya buɗa mini shi lungu-lungu ina dubawa, ya ce me nake nema, na ce rumbu. Ya yi dariya har ya kwanta. Ni kuwa ina kallon tagogin nan ina tuna yatsun matan unguwarmu, da bayan jakunan Malam, da farashin da ba a taɓa tambayarmu ba. Gaskiyar yaron ce, da gyaɗarmu aka gina shi, kuma abin ya taɓa mini rai. Amma sai na tuna wani abu, na ji sanyi har cikin ƙashina. Duk gyaɗar ƙasar Wudil ta wannan shekarar tana cikin ginin nan, ban da ta rumbu ɗaya. Ita tana nan, jikokin jikokinta ne kuka ci a kunun da aka dama muku da safe.

Bana hannuna ya fara rawa irin na Inna. Da aka zo liƙe rumbu na kamo hannun takwarata Hadiza, ƙanwar Nura, na danna a yumɓun, na gaya mata abin da aka gaya mini. Ta yi dariya ta ɗauki hoton wurin da wayarta, ban hana ta ba, ni ma da farko daɗi kawai na ji. Kai kuma Nura, tunda kai ka karɓi gonar bakin kogi, ƙwaryar kakanka tana nan rataye a zaure. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ƙasa ta jiƙu, ka ɗauke ta ka je ƙofar ƙanwarka, ka yi sallama, ka tsaya sai ta amsa.